Bashin Karatu Da Yaro Ke Bin Hukuma

Wanda duk ya taɓa wucewa ta bayan makarantar firamare da hantsi ya san amon nan: malami ya faɗi jimla, aji ya ɗauka baki ɗaya, har ƙarar ta tsallake katanga ta shiga gidajen maƙwabta. Mai wucewa sai ya ce madalla, ana karatu. To, da zai shiga ya ware yaro ɗaya daga cikin masu ɗaga muryar nan, ya ja shi gindin darbejiya, ya rubuta masa kalmomi uku da ba a sa shi haddacewa ba, a ce tulu da rariya da kasko, ya ce masa karanta, a nan ne zai ga abin da amon ke rufewa. Yaro zai dubi takarda, ya dubi fuskar mai tambaya ko zai tsinci amsa a can, sannan ya sunkuyar da kai. Ga shi ɗan aji huɗu ne ko biyar, sunansa na cikin rajista, an ƙidaya shi cikin waɗanda gwamnati ke cewa ta sa a makaranta, kuma baɗi za a ciyar da shi gaba. Maganar da wannan takarda ta zo da ita guda ɗaya ce. Yaron da aka riƙe shekara shida a makaranta, aka sallame shi bai iya karanta wasiƙa ba, an ci haƙƙinsa, kamar dai yadda ake cin haƙƙin wanda aka ƙwace wa gona, kuma akwai waɗanda ya kamata a tsayar a tambaya.

Kada a ɗauka irin wannan yaro ɗaiɗai ne. A shekarar 2019 Bankin Duniya ya fito da wani ma'auni mai sauƙin ganewa, wato yara nawa ne suka kai shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimci abin da ya ƙunsa. A ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali an sami 53 cikin 100. A 2022, bayan rufe makarantun da cutar korona ta jawo, ƙiyasin ya hau zuwa 70 cikin 100, a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kuwa ya kai 89, kusan tara ke nan cikin kowane goma. Da yawa daga cikinsu suna zuwa makaranta kullum. Abin lura shi ne, masifar ba ta raba kanta daidai tsakanin gidaje. Mai hali in ya ga ɗansa na fama sai ya canza masa makaranta, ko ya ɗauko malamin da zai riƙa zuwa gida da la'asar, ga littattafai a ɗaki, ga yayye da suka yi boko. Ɗan talaka kuwa abin da aji ya ba shi shi ne duk rabonsa. Kuma karatu yana da lokacinsa. Daga aji ɗaya zuwa uku ana koya wa yaro yadda zai karanta, daga aji huɗu kuma an ɗauka ya iya, sai a shiga ɗora masa kimiyya da tarihi da lissafi mai zance, duk ta hanyar rubutu. Wanda ya tsallaka wannan gaɓa bai iya ba, kowace shekara ratar da ke tsakaninsa da tsararsa ƙaruwa take yi, domin mai karatu yana ƙara kalmomi da kansa, shi kuwa yana kwafar abin da ke kan allo kamar mai zanen ado. Daga nan sai gajiya, sai fashi, sai a ce ai shi ba shi da kan boko.

Ƙila wani ya ce, to, abin tausayi ne, amma me ya kai shi ga zama maganar haƙƙi? Mu bi yaron nan har ya girma mu gani. Ran da za a raba gado ko a sayar da fili, za a miƙo masa takarda ya dangwala yatsa a kan abin da wani ya ce masa an rubuta. In saƙon banki ya shigo wayarsa sai ya miƙa wa na kusa ya duba masa, ya tona asirin aljihunsa ga wanda bai zaɓa ba, mazambata kuwa irinsa suke nema. In mace ce, za ta riƙe kwalbar maganin jaririnta cikin dare tana ƙoƙarin tuna ko cokali ɗaya aka ce ko biyu, alhali ga amsar nan a jikin kwalbar. In an kama shi, za a rubuta jawabi da sunansa, ya sa hannu bai san me ya amsa ba. Doka ma ta san da wannan rauni, shi ya sa tun zamanin Turawa aka kafa dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa mai rubuta masa takarda ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar cewa an karanta masa kuma an yi masa bayani. Sannan Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya sharɗanta wa mai neman kujerar majalisa ko ta gwamna ko ta shugaban ƙasa ya kai matakin takardar shaidar sakandare ko makamancinta. Ashe ke nan ƙasar da ta kasa koya wa yaro karatu ita ce kuma za ta juyo ta ce masa bai cancanci ya wakilci mutanensa ba. Sauran haƙƙoƙin da aka rubuta masa, na ƙuri'a da na shari'a da na dukiya, duk a rubuce suke, kuma sai da ɗan jagora zai kai gare su.

Babu inda aka fi gane wannan kamar Amurka, domin a can an taɓa hana karatu da gangan, da doka. A 1740 Karolina ta Kudu ta haramta koya wa bayi rubutu, kuma bayan tawayen da Nat Turner ya jagoranta a Bajiniya a 1831 jihohin kudu da dama suka ƙara tsananta irin waɗannan dokoki. Masu bayi ba wawaye ba ne. Sun san bawan da ya iya rubutu zai iya rubuta wa kansa takardar izinin tafiya, zai iya karanta jaridar masu yaƙi da bauta. Frederick Douglass yana yaro bawa a birnin Baltimo uwargidansa ta fara nuna masa baƙaƙe, mijinta ya hana, a kan cewa karatu zai lalata shi a matsayin bawa. Yaron ya gane daga wannan hani inda ƙofar take, ya riƙa ba 'ya'yan Turawa matalauta burodi a titi suna koya masa, ya tsere a 1838, ya kafa jaridarsa a 1847. Da aka soke bauta kuma sai aka juya makamin. Waɗanda aka hana wa karatu jiya, yau aka ce sai sun ci jarrabawar karatu kafin a yi musu rajistar zaɓe, kuma Bature mai rajista shi ke yanke wanda ya ci da wanda ya faɗi. Haka aka yi ta tafiya har dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta fara rushe wannan dabara.

Wani zai ce ai wannan da niyya aka yi, namu kuwa sakaci ne da rashin kuɗi. Gaskiya ne akwai bambanci wajen alhaki, amma ga yaron da abin ya faɗa wa duk kanwar ja ce. Wannan ita ce hujjar da wasu ɗaliban makarantun gwamnati na birnin Detroit, yawancinsu baƙaƙen fata 'ya'yan talakawa, suka kai gaban kotun tarayya a 2016, suna ƙarar jihar Mishigan. Ba su ce an kore su daga makaranta ba. Cewa suka yi ana tilasta musu zuwa gine-ginen da ake kira makarantu, ga ɓeraye, ga ƙarancin littattafai da malamai, har a wata makaranta ɗalibi ɗan aji takwas ne ya yi wata guda yana koyar da lissafi don babu malami. Tun 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta riga ta ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin asali da tsarin mulkin tarayya ya lamunta, saboda haka ɗaliban suka taƙaita buƙatarsu ga abu ɗaya, damar iya karatu. A watan Afrilun 2020 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka ba su gaskiya, bisa dalilin cewa wanda bai iya karatu ba ba zai iya shiga harkar mulkin ƙasarsa ba. A faɗi gaskiya, hukuncin bai daɗe ba: gwamnar jihar, Gretchen Whitmer, ta sasanta da ɗaliban tare da alkawarin neman dala miliyan 94.4 don koyar da karatu a makarantun birnin, cikakken zaman kotun kuma ya janye hukuncin, don haka bai zama abin kafa hujja ba. Amma tambayar da yaran suka ajiye tana nan, kuma ta shafe mu kai tsaye: in hukuma ta tilasta wa yaro zaman aji, me ta ɗaukar masa a madadin shekarunsa?

Mu dubi dokarmu da wannan ido. Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulki ya ce gwamnati za ta yi ƙoƙarin kawar da jahilci, ta ba da ilimin firamare kyauta kuma tilas, amma ya rataya abin a kan lokacin da hali ya yi, sashe na 6 kuma ya hana kotu sauraron ƙara a kan alkawuran babin da sashe na 18 ke ciki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta matso da maganar kusa. Ta wajabta shekara tara na karatu kyauta, firamare da ƙaramar sakandare, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi. A 2010 kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta ce ilimi haƙƙi ne da ɗan Nijeriya zai iya nema a gaban shari'a, a 2017 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce dokar 2004 ta mayar da alkawarin nan abin da kotu za ta iya tilastawa. Duk wannan ci gaba ne. Sai dai a duba inda dokar ta ajiye bulalarta. Uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta, karo na farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Makarantar da ta karɓi yaron ta mayar wa ubansa shi bayan shekara shida bai iya haɗa baƙi ba fa? Hukumar da ta bar aji ba malami ba littafi fa? Babu tara, babu ɗauri, babu ko jan kunne. Dokar ta ƙidaya kawuna a bakin ƙofa ta koma gida. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki, kuma uban da ya ga babban ɗansa ya fito hannu rabbana, in ya tura ƙaramin kiwo ko kasuwa, lissafi ya yi, ba taurin kai ba.

Hujjar da aka fi jin ta a bakin mutane ita ce ta baiwa. Wai yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne, wani Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa wani bai ba shi ba. Lalle mutane sun bambanta, ba kowa zai zama likita ko alƙali ba. Amma haɗa baƙi da wasali ba ya cikin abubuwan da ake jiran baiwa a kansu, kuma shaidarmu tana nan a zauren unguwa. A makarantar allo malam yakan fara wa yaro da babbaƙu, sai ya san kowane harafi da siffarsa, sannan a shiga farfaru, a ɗora wasulla. Kowane almajiri da allonsa da inda ya tsaya. Ba a ce masa ya wanke sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai, yatsa a kan kalma, kuma ba a taɓa jin an ciyar da yaro gaba don kawai damina ta zagayo ba. Da wannan tsari, ba kujera ba fanka, 'ya'yan manoma da na fatake suka yi ƙarnoni suna koyon karanta rubutun Larabci, wanda ba harshensu ba ne. Ba ana nufin makarantar allo ba ta da nata matsaloli ba, ko kuwa ta wadatar da yaron da zai yi hulɗa da asibiti da kotu da banki, waɗanda duk takardunsu da boko suke. Abin nufi, al'ummar da ta san wannan ƙa'ida, cewa ba a wuce darasi sai an iya shi, ba ta da dalilin yarda a ce mata rabin aji ba su da kai. Hujjar talauci ma haka take. Yunwa na hana fahimta, wannan ba musu, amma jihar Misisifi, wadda ke cikin mafi talauci a Amurka, ta kafa doka a 2013 da ta sa aka sake horar da malamai kan koyar da sautin baƙaƙe da haɗa su, aka tura ƙwararru cikin azuzuwa suna taya malamai, ana gwada yara tun daga ajin farko don a gano mai rauni da wuri. A jarrabawar ƙasa ta karatun 'yan aji huɗu tana ta 49 a 2013, ta koma ta 29 a 2019. Masana na ta gardama a kan sashen dokar da ke maimaita wa yaro aji uku in bai ci gwaji ba, kuma gardamar tana da tushe. Amma talaucin Misisifi bai gushe ba a cikin shekarun nan shida, koyarwar ce ta canza.

Sai maganar harshe, wadda a nan iyaye da kansu kan tsaya wa 'ya'yansu a hanya da kyakkyawar niyya. Uba na son ya ji ɗansa na Turanci tun daga aji ɗaya, don ya san da Turanci ake jarrabawa da neman aiki, kuma in ya ga littafin Hausa a jakar yaro sai ya ga kamar an rage masa mudu ne. Buƙatarsa daidai ce, hanyar ce ke da gyara. Karatu dabara ce ta mayar da alama sauti, sautin kuma ya zama ma'ana. Yaron da ya haɗa "ra" da "go" ya ji bakinsa ya ce rago, nan take hoton ragon layya ya faɗo masa, ya san ya yi daidai ba sai an gaya masa ba. In kuwa kalmar baƙuwa ce, ko ya furta ta daidai bai san ya isa ba, an ɗora masa kaya biyu a tafiya ɗaya. Ga shi rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi: wasulla biyar ne, kuma galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa. Wanda ya ƙware a nan, da dabararsa zai shiga Turanci. An gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci, Turanci kuma a matsayin darasi guda a hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Manufar gwamnati dai ta yi ta kai da komo, a 2022 aka amince a koyar da harshen uwa har ƙarshen firamare, a 2025 aka soke aka koma Turanci. Ko wace manufa ke ci, ba za ta canza yadda kan yaro ɗan shekara shida ke aiki ba, kuma darasin Hausa yana nan a jadawali ga hedimastan da ya san amfaninsa.

Malamai fa? A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da ta gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa da yadda aka yi gwajin, aka yi ta ja-in-ja. Ko yaya mutum ya ɗauki wannan rigima, malamin da bai iya ba shi ma ɗan aji huɗun jiya ne da aka yi ta ciyarwa gaba, wani ya ba shi takardar shaida, wani ya ɗauke shi aiki, sau da yawa don alfarmar wani babba. Malami nagari kuma, in an cika masa aji da yara fiye da ɗari, albashi na makara, ba littafi ko ɗaya da yaro zai riƙe a hannunsa, ba abin da ya rage masa sai ya faɗa su amsa. Wanda ya ce babu kuɗi kuwa, a tuna masa cewa shekara da shekaru biliyoyin naira na tallafin ilimin bai-ɗaya kan kwanta a Abuja, don jihohi da dama ba su ajiye nasu rabin da doka ta sharɗanta kafin su karɓa ba. In an karɓo ma, gini da fenti da katanga sun fi jan hankalin masu mulki, don su ake ɗauka a hoto a yanka kintinkiri. Ba a taɓa kiran maroƙa don 'yan aji biyu sun iya karanta labarin gizo da ƙoƙi ba.

To, tunda doka ba ta sa ma'auni ba, sai jama'a su sa nasu, kuma ba abu ne mai wuya ba. A Indiya, tun 2005 wata ƙungiya mai suna Pratham ke tura 'yan sa kai gida gida a karkara da 'yar takarda guda: baƙaƙe, kalmomi, gajeren sakin layi, sai ɗan labari. Da wannan takarda aka nuna wa ƙasar cewa kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta littafin aji biyu, magana ta fita daga ofis ta shiga bakin iyaye. Mu ma mun taɓa yin irin wannan yunƙuri. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci, magidanta suka zauna a zauruka da yamma suna koyon a, ba, ca, don su karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da kansu, su kuma duba takardar haraji da awon gyaɗarsu kada a cuce su. Tun kafin wannan Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata, saboda haka kada a ware 'ya mace daga wannan gwaji da sunan ai gidan miji za ta.

Ya kai uba, ya ke uwa, a cikin makon nan a zaunar da duk yaron gida da ya gama aji uku. A rubuta masa layi huɗu da Hausa a kan abin da ya sani, wanda ba daga littafin makaranta aka ɗauko ba, ya karanta a bayyane, sannan a tambaye shi me labarin ya ce. In ba ku yi boko ba, ku kira ɗan maƙwabci na sakandare ya rubuta, ku kuwa ku saurara, ai kunnenku ya san Hausa. In ya kasa, kada a dake shi, kada a kira shi daƙiƙi. A tambayi maƙwabta su ma su gwada nasu, a rubuta adadin, a tafi da shi wurin hedimasta cikin mutunci, a ajiye shi a taron iyaye da malamai da gaban kwamitin kula da makaranta. In ba a ga canji ba a wuce wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da mai unguwa da liman a gaba. Tambayar da za a yi musu guda ce, kuma a nemi amsarta da lamba: cikin 'yan aji uku na makarantar nan, nawa ne suka iya karatu, kuma nawa za su iya kafin ƙarshen zango mai zuwa?